Ula Miya da Tudun da Ya Tsage

Yayana Ula Miya mutum ne da in ka gaishe shi da sassafe sai hantsi ya amsa maka. Ba wulaƙanci ba ne, haka Allah ya yi shi. Ni kuwa Cemon Bahar, ƙanwarsa, Inna takan ce rabon bakin da aka hana shi ni aka juye wa, har da gyara. Saboda haka in ban ba da labarinsa ba babu mai bayarwa, don shi dai ko za a yanka shi ba zai yi ba.

Da ganyen pan, wanda mutanenmu ke taunawa kamar goro, yake neman abinci. Yana da rumfar gora a bayan gidansa inda yake renon ganyen, ranar kasuwar Ukhiya ya ɗaure ya kai. Amma ka shigo ƙauyenmu Gilamura ka ce kana neman Ula mai pan, sai a tsaya tambayarka wanne. Ka ce mai kabari, ko akuya ta nuna maka ƙofarsa. Yana ɗan shekara sha tara ya karɓi fartanya daga hannun babanmu, kuma duk wanda ya rasu a ƙauyen nan cikin shekara arba'in da 'yan kai, shi ya gyara masa makwanci. Ba ya auna gawa da igiya kamar yadda wasu ke yi, ya san tsawon kowa tun yana raye. Shi ya sa in ya ƙura wa mutum ido a shagon shayi sai ka ji an ce, "Kawu Ula, don Allah kalli wani wurin, ni da saurana."

Makabartarmu tana kan tudun da ke bayan gidana. Inna tana can bakin gabas, daidai saman rafi. Ita ta zaɓi wurin da bakinta, ta ce tana son inda rana ke fara bugawa, ƙashinta ba ya shiri da sanyi. Yaya ya haƙa mata da hannunsa, bai bar kowa ya kama masa ba.

Shekara biyu bayan rasuwarta mutanen Arakan ta ƙasar Burma suka gudo suka tsallako kogin Naf zuwa wajenmu. Ana tsakiyar damina, ruwa kamar da bakin ƙwarya, su kuma suna ta shigowa ta kan kunyoyin shinkafarmu, ba farko ba ƙarshe. Wata rana da azahar wasu maza biyu suka tsaya a ƙofar Yaya, sun ratayo kwando a jikin gora a kafaɗunsu. Babban cikinsu shi ne Ali Johar, manomi daga duwatsun Buthidaung. A cikin kwandon tsohuwarsu ce. Kwana tara suna ɗauke da ita, sai da suka iso inda babu mai harbinsu sannan ta cika. Sun je ƙauye biyu an ce musu makabarta ta cika.

Maganarsu da tamu kusan ɗaya ce, ba mu taɓa neman tafinta ba. Ali Johar ya ce, "Yaya, ƙasa nake roƙo, kamu huɗu kawai. Ba don kaina ba."

Yaya ya dubi kwandon ya daɗe, sannan ya ce, "Gajeriya ce kamar Innata. Ku biyo ni."

Kusa da Inna ya kwantar da ita, taku ɗaya tsakaninsu. Kafin a yanka wa sansanin da aka kafa musu tasa makabartar, ya binne mutum talatin da bakwai daga cikinsu a layin gabas ɗin nan, yawancinsu tsofaffi da jarirai. A lokacin babu wanda ya hana. Ni kaina na dafa shinkafa da busasshen kifi na miƙa ta kan danga har tukunyata ta huje.

To amma baƙon kwana uku daban, na shekara uku daban. Dajin da muke yin itace ya tafi ƙurmus. Da itatuwan suka ƙare sai suka koma tonon saiwa don girki, har gindin tudun makabartar ba su bari ba. Rijiyata ta ƙafe. Mijina da ke aikin lada a gonakin mutane ya wayi gari ana cewa an sami mai yi a rabin kuɗi. Ba zan yi ƙarya ba, na tsane su. Na zage su a bakin rafi, na zage su a kasuwa, da aka zagaye su da waya mai ƙaya na ce madalla, a ƙara tsayinta. Dattawan masallaci suka zauna suka ce daga yau ba baƙon da zai sake taka makabartarmu, ko da ziyara. Matasa suka laƙaba wa Yaya suna Kawun Burma. In sun faɗa sai ya tofar da jan yawun pan ya wuce. Duk Juma'a kuwa yana can sama yana cire ciyawa a layin gabas, nasu da namu, bai bambanta ba.

A shekara ta huɗu, wata guguwa ta riga damina zuwa. Da gari ya waye muka tarar gefen tudun ya zube cikin rafi, ga kuma wata tsaga mai faɗin tafin hannu ta bi layin gabas. Tsakaninta da kabarin Inna kamu uku.

Badsha Sawdagar, mai sayar da jan bulo da siminti, ya ce abin ai mai sauƙi ne, a gina katanga a gindin tudun. Aka gina, doguwa, sumul, har da farin fenti, mutane na zuwa kallo. Ruwan farko na gaske da ya sauka ta yi ciki kamar mai wata tara, na biyu ya kwantar da rabinta a rafi. Tsagar ta matso. Yanzu saura kamu ɗaya, damina kuwa ko zama ba ta yi ba.

Liman ya kira Yaya bayan sallar Juma'a, ni ina jin su ta bayan danga. Ya ce, "Malam Ula, lalura ce. A kwashe ƙasusuwan mutanenmu a mayar yamma kafin ruwa ya kai su rafi. Kai ka san inda kowa yake."

"Na sauran fa?" in ji Yaya.

Badsha ya karɓe, "Waɗanne sauran? Ai tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Su suka tone saiwar tudun, su ji da matattunsu."

Yaya ya ce, "Ni na rufe Inna. Ba zan buɗe ta ba."

Da ya dawo na tare shi a hanya. Na ce, "Kai wane irin mutum ne? So kake in tashi da safe in ga kan uwata yana yawo a rafi karnuka na bi? Duk kai ka ja mana wannan da tausayinka na banza!" Ina faɗa ina kuka, don wallahi ko abinci ba na iya haɗiya a kwanakin nan. Tunanin a tone ta yana tayar mini da hankali, tunanin a bar ta ya fi. Ya naɗe lunginsa, zanen da mazanmu ke ɗaurawa, zuwa gwiwa ya nufi wayar sansani. Ni kuwa na bi shi, don ban gama ba.

Ya aika aka kira Ali Johar. Shekara biyu rabon da su haɗu. Mutumin ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Suka gaisa ta tsakanin waya da yatsu biyu. Yaya ya gaya masa abin da ake ciki a taƙaice.

Ali Johar ya tambaya, "Katangar nan, kun bar mata ƙofofin ruwa?"

"A'a."

Ya kama haɓa. "Kash! Yaya, ai tudu ba nauyi ke kayar da shi ba. Ruwa ne yake sha ya rasa inda zai fitar. Kamar ka cika tsoho da shayi ne ka kulle ban-ɗaki, me kake jira?"

Na ce, "Ji mai bakin magana! Ku da kuka cinye daji har saiwa, yau ku ne malaman tudu?"

Ya dube ni ba fushi, ya ce, "Gwaggo, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shekara huɗu muna kwana a kan tudun da ke tafiya. Ya binne mana yara da ransu kafin mu gane halinsa. Ku ba ni maza hamsin da kwana uku."

Fito da maza hamsin daga sansani ba wasa ba ne. Yaya ya tafi ofishin sansanin da sassafe ya zauna a kan benci. Aka ce mai sa hannu ba ya nan. Ya zauna. Aka ce ya dawo gobe. Ya dawo ya zauna a daidai wurin, yana taunar pan, yana bin kowane ma'aikaci da kallon nan nasa daga sama har ƙasa. Wani a cikinsu ya tambayi sana'arsa, aka gaya masa. Kafin azahar takarda ta fito: kwana uku, su fita da safe, su koma kafin la'asar sakaliya.

Ranar Litinin suka zo a jere, kowa da gora a kafaɗa, wasu da tulin buhunan algarara, wasu da kwandunan ciyawar jema da suka ciro da saiwarta daga bayan bukkokinsu. Mazan Gilamura suka fito suka tsaya a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, kowa ya harɗe hannu a ƙirji. Liman ya ce shi bai ba da izini ba, bai kuma hana ba, ya koma cikin masallaci.

Abin da Ali Johar ya fara cewa shi ne a rushe ragowar katangar. Nan fa wuri ya yamutse. Badsha ya taso yana haki. "Katangar tawa? Ku zo ƙasarmu, ku ci dajinmu, ku tone saiwar makabartarmu, yanzu kuma ku rushe mana gini? Wanda ya fasa ba ɗan halas ba ne!"

Ali Johar ya ajiye gorarsa. Ya ce, "Gaskiyarka, Sawdagar. Mun tone. Da hannun nan nawa na tone wata a nan gindin, ina sane uwata tana sama. Ɗanyar shinkafa aka ba mu, yara na kuka. Ban zo wanke kaina ba. Mu muka cire, mu muka zo mayarwa."

Ni dai ban taɓa jin wani daga cikinsu ya faɗi haka ba, kuma ban taɓa tsayawa na tambaya ba. Yaya ya ɗauki diga ya nufi katangar ya kai mata sara na farko. Wani baƙin ruwa mai wari ya tsarto ta wurin, ya wanke wa Badsha ƙafafu har gwiwa. Sai ya ja da baya.

Suka hau aiki. A can ƙoƙolin tudun suka yanka lambatu don ya tare ruwan sama kafin ya gangaro kan kaburbura. Gefen da ya zube kuma suka sassare shi hawa-hawa kamar matakala. A bakin kowane hawa su kafa turakun gora su buga har su nutse, su saƙa tsagaggiyar gora a tsakani, su jera buhunan ƙasa da aka cuɗa da kashin shanu, sannan su dasa jema layi-layi. Ali Johar ya ce gora za ta riƙe bana, kafin ta ruɓe saiwar jema ta yi zurfin da ya fi tsayin mutum, ita za ta riƙe sauran shekaru.

Da hantsi sai Ali Johar ya sauko ya tsaya a bakin dangata yana sosa ƙeya. Yaya na bayansa, ya ƙi haɗa ido da ni. Nan na san akwai magana.

"Gwaggo," in ji Ali Johar, "ruwan da muka tare a sama dole ya sauka rafi ta wani wuri. Na duba ko'ina. Hanyarsa ɗaya ce."

Ya nuna lambuna. Barkonona da ya fara ja, kabewata da ta hau rumfa, gautana. Tun da aikin mijina ya karye, lambun nan shi ne miyarmu.

Na ce, "La'ilaha illallahu! Daji bai ishe ku ba, rijiya ba ta ishe ku ba, sai barkonon Cemon? Wallahi sai dai ku haƙa ta kaina!" Na yi ta zuba, na tono na shekara huɗu na ɗora musu. Ya tsaya yana saurare har na gaji don kaina. Da na tsaya in ja numfashi, sai na ɗaga kai na hango wani tsoho daga cikinsu a can sama, ya durƙusa a bakin tsagar, yana cusa yumɓu da tafin hannunsa a hankali a gefen kabarin Inna. Bai san ta ba. Bai san ɗiyarta ce ke zaginsu a ƙasa ba, ko kuma ya sani.

Kunya ta kama ni kamar in nutse. Na shiga lambun na kama barkonon farko na tumɓuke da hannuna. Na ce, "Me kuke kallo? Ku haƙa mana, ko sai ruwan ya zo ya nuna muku?"

Da na gama tumɓukewa na ɗebi dami guda na nufi gindin mangwaro, na watsa shi a gaban mazanmu. Na ce, "Sannunku da tsayuwa, angwaye! Lalle aka sa muku ne? Kai Badsha, ubanka yana layi na biyu. Kai Monir, matarka tana na uku. Baƙi na cuɗa kashin shanu don iyayenku, ku kuna gadin mangwaro. Ku ba ni lunginku in ba ku mayafina!"

Mijina ne ya fara zamewa ya ɗauki kwando, don ya san a gida zai kwana. Monir ya bi shi. Amma abin da ya ƙarasa janyo sauran ba bakina ba ne. Wani saurayin sansani ne yake ɗaure gora da irin ƙullinsu, manoman pan ɗinmu kuwa ba abin da suke taƙama da shi kamar ɗaurin gora. Wani dattijo ya kasa daurewa ya ce, "Kai, haka ake ɗauri a garinku? Shi ya sa bukkokinku ke tashi sama. Kawo nan!" Saurayin ya ce, "To Baba, ku da kuka iya, ina katangarku?" Aka kwashe da dariya, har da waɗanda ba su yi niyya ba. Kafin azahar ba ka iya gane na ciki da na waje, kowa ya zama taɓo.

Rana ta biyu gora ta ƙare. Yaya ya je ya kwance rabin rumfar pan ɗinsa ya kwaso. Da maƙwabta suka gani kowa ya zaro abin da zai iya. Badsha ya turo amalanke cike da fasassun bulon katangarsa, ya ce a shimfiɗa a cikin lambatun kada ruwa ya ci ƙasa, kuma a sani dabararsa ce. Mu mata muka haɗa murhu a tsakar gidana, shinkafa da wake da busasshen kifi, muka zuba ɗanyen barkonon da na tumɓuke gaba ɗaya. Ali Johar ya ci yana hawaye yana cewa, "Gwaggo, wannan ramuwa ce." Na ce, "Ƙwarai kuwa, ƙara loma."

Rana ta uku da la'asar suka dasa jemar ƙarshe. Ali Johar ya tsaya a kan kabarin uwarsa, karo na farko cikin shekara biyu, ya tarar ba ko tsinken ciyawa a kansa. Ya dubi Yaya, Yaya ya dubi sama ya ce hadari na haɗuwa, su hanzarta. Suka koma bayan waya.

Washegari ruwa ya sauko. Kwana goma sha ɗaya ba mu ga rana ba. Lambatun da ya ratsa lambuna ya zama ƙorama, yana ruri dare da rana. Rafi ya cika ya haura gonaki, hanyar sansani ta yanke, ba mai shiga ba mai fita. Daga sansani ba a hango gefen gabas, daga gidana ma hazo ya rufe shi. Kullum Yaya zai ɗauki sanda ya ce zai hau, ni da matarsa mu tare ƙofa. Ina tsaye a bakin rafi ina bin duk abin da ruwa ya ɗauko da ido, in na ga fari in ɗauka likkafani ne, ashe leda ce.

Ranar sha biyu da safe ruwan ya tsagaita. Yaya ya hau shi kaɗai. Na tsaya a gindin tudun ina addu'ar da na iya da wadda ban iya ba. Ya daɗe. Can sai ga shi yana gangarowa, taɓo har ƙugu, fuskar nan tasa ba ka karanta komai a cikinta.

"Yaya, yaya Inna take? Yi magana mana!"

Ya wuce ni kamar bai ji ba. Na bi shi ina ihu, "Kai bawan Allah, yau ma sai hantsi? Uwarka ce fa!" Bai tsaya ba sai masallaci. Ya cire takalmi ya shiga, ya ce wa ladan ya kunna lasifika.

Da ƙarar kunnawar ta tashi, mutane suka fara fitowa daga gidaje, mata na dafe ƙirji, don in ba kiran salla ba ne to sanarwar rasuwa ce. Aka ji tarinsa. Aka ji numfashinsa. Sannan mutumin nan da bai taɓa ɗaga murya ba tun ina goye, ya buɗe maƙogwaro har lasifikar na rawa.

"Ali Johar! Ali Johar, kana ji na? Tudu ya tsaya! Innarmu tana nan, taka tana nan! Duk suna nan, ko ɗaya bai motsa ba!"

Daga nan sai ta taso daga bayan waya, can nesa, ta ƙetaro gonakin da ruwa ya shanye: kabbara, daga bukka zuwa bukka, daga tudu zuwa tudu, dubban muryoyi. Mazan Gilamura suka amsa musu daga ƙofar masallaci, Liman a gaba, Badsha ya fi kowa ƙara. Can su yi, nan mu yi, har tsuntsaye suka tashi daga kan mangwaro.

Ni kuwa da ba a taɓa rasa magana a bakina ba, na nemi ko kalma ɗaya na rasa. Na zauna daɓas a cikin taɓo na ja mayafi na rufe fuskata, na yi ta kuka ina kiran Inna.